Mdou Moctar: daga situdiyon Sakkwato zuwa sabon kundinsa na «Hawayen Zalunci»



Tun daren da munka sa wata waƙar jita mai sanyi a shirinmu, tambaya ba ta yanke ba. Wasu na cewa ɗan Mali ne, wasu na cewa ɗan Aljeriya ne, wasu kuma na so su ji da wane harshe yake waƙar. To ɗan Nijar ne, ɗan jihar Tawa maƙwabciyarmu, sunansa Mdou Moctar, waƙar kuwa daga sabon kundinsa take, wanda ya fito ranar 28 ga Fabrairu 2025. Da yake magana a rediyo iska ce, in ta wuce ta wuce, shi ya sa munka ga ya dace mu rubuta tarihinsa a nan, wanda ya ji ya ƙara karantawa, wanda bai ji ba a karanta mishi.

A taƙaice

- Sunan yanka: Mahamadu Sulaiman, a takardu Mahamadou Souleymane
- Sunan wasa: Mdou Moctar
- Asali: yankin Azawak, jihar Tawa
- Harshen waƙa: Tamashek, harshen Abzinawa
- Kayan kiɗa: jita, wadda mu nan munka fi sani da gitar
- Kundin farko: Anar, an ɗauke shi a Sakkwato a 2008
- Sabon kundi: Tears of Injustice, wato «Hawayen Zalunci», 2025

Tasowarsa

An haifi Mahamadu a tsakiyar shekarun 1980, a ƙasar Cintabaradan da Abalak. «Mdou» taƙaita sunan Mahamadu ne, kamar yadda mu muke cewa Mamman ko Mamadu. Gidansu gidan masu riƙo da addini ne, kuma ba su so ya yi kiɗa ba. Wanga ba baƙon abu ba ne gare mu. A ƙasar Hausa ma kiɗa gado ne, yaron da ba gidan makaɗa ya fito ba in ya ɗauki gurmi ko kalangu, sai dangi sun taru a kansa.

Abin da ya ja shi, ganin wani babban makaɗin jita ne na Abzinawan Nijar, Abdallah Oumbadougou, yana wasa a bainar jama'a. Allah ya yi wa Abdallah rasuwa a 2020. Yaro ya koma gida da abin a ransa, ga shi ba kuɗin saye, ba mai saya mishi. Sai ya samu katako ya sassaƙa, ya ɗaura mishi wayoyin birkin keke a matsayin tsirkiya. Da wagga jita ta hannu ya koya wa kansa, ba malami, ba makaranta. Bahago ne kuma, har yau da hannun hagu yake kaɗawa. Duk wanda ya kalle shi a bidiyo zai ga wuyan jitarsa ya fuskanci wani ɓangare daban da na abokin kiɗansa.

Kamar samarinmu da yawa, shi ma ya taɓa tafiya neman kuɗi Libiya kafin ya komo gida ya riƙi jita a matsayin sana'a. A wasannin biki ya yi suna, musamman a Agadas, inda ba a cika ɗaurin aure ba a kira masu jita ba.

Daga ina kiɗan jitar Abzinawa ya fito?

Kafin jita, Abzinawa na da nasu kayan kiɗa. Akwai tende, turmi ne da ake rufe bakinsa da fata, mata na kaɗawa suna waƙa ana amshi da taɓi. Akwai imzad, ɗan uwan gogenmu mai tsirkiya guda, shi ma mata ke kaɗa shi. Akwai kuma takamba, kiɗan rawa da ya game Abzinawa da Sanwai tun daga Gawo har Azawak.

Jita ta shigo ne ta hanyar wahala. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 wanda tsofaffinmu ke kira El Buhari, sun kashe dabbobi ba adadi. Samarin da sunka rasa garke sunka bazu Aljeriya da Libiya neman abin yi. Anka laƙaba musu suna «ishumar», daga kalmar Faransanci da ke nufin marar aikin yi. A can sunka haɗu da jita, sunka zuba mata kiɗan tende da begen gida. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali ita ce ta fi shahara cikin na farko. A zamanin tawayen shekarun 1990 kaset-kaset ɗinsu hannu da hannu suke yawo, a ɓoye. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, wadda har yau ake hutu dominta a ƙasarmu, jita ta fito fili ta zama kiɗan biki da suna. Mdou na cikin ƴan baya da sunka taso sunka iske ta a haka, shi da irin su Bombino na Agadas.

Sakkwato, 2008

Ga inda labarin ya matso kusa da mu. A 2008 Mdou ya tsallaka iyaka ya tafi Sakkwato don ya ɗauki waƙoƙinsa. A lokacin waƙoƙin fina-finan Hausa sun cika kasuwa, daga Kano har Maraɗi, har kasuwannin ƙauyukanmu. Situdiyoyin da ke yin su na da salonsu: fiyano ke ba da kiɗa da ganga, sannan a bi da muryar mawaƙi ta cikin kwamfuta ta fito tana rawa kamar ta ƙarfe. Kowa ya san wagga murya, ita ce ta waƙoƙin soyayya na fim.

Mdou ya ɗora jitarsa da waƙoƙinsa na Tamashek a kan wanga salo. Abin da ya fito shi ne kundin Anar. Ba'abzine ya ji ya gane harshensa da jitarsa, Bahaushe ya ji ya gane kiɗan fim da ya saba da shi. Ke nan mutumin da yau ake bugawa a jaridun Amurka, ƙofar da ya fara bi ta ƙasar Hausa ce, kuma masu haɗa sauti na Sakkwato na da hannu a aikinsa na farko.

Zamanin memori da Bluetooth

Anar bai fito a shago ba, ba kamfani, ba talla. Salula ce ta ɗauke shi. Waɗanda sunka yi samartaka a waɗannan shekaru sun tuna yadda ake yi: ka je wurin mai caji a kasuwa ka ba da memori a cika maka, ko ku haɗa kai da aboki a tasha ya tura maka ta Bluetooth. Direban babbar mota ya ɗauko waƙa a Agadas, kwana kaɗan ta isa Arlit, ta isa Tamanrasat, ta isa Kidal da Gawo. Haka waƙoƙin Mdou sunka ƙetare ƙasashe shi yana gida.

Wagga hanya na da daɗi, tana da ciwo. Daɗinta, talaka ya samu waƙa kusan kyauta, mawaƙi kuma ya yi suna inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba. Ciwonta, ko dala ba ta komowa ga mai waƙar. Sau da yawa ma ba hoto, ba lambar waya, wani lokaci ko sunansa babu a kan waƙar. Sai ka ji ana ta yabon waƙa, mai ita na can yana neman kuɗin cefane.

Wajen 2010 wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley yana zaune a Kidal, arewacin Mali, yana tattara waƙoƙin da ke cikin salular mutane. Cikinsu ya ci karo da wata mai suna Tahoultine. Ya sa ta a wani faifai da kamfaninsa Sahel Sounds, na birnin Portland, ya fitar a 2011 da sunan Music from Saharan Cellphones, wato waƙoƙin da anka tsinto a salular mutanen Sahara. Ya sha nema kafin ya gano mai waƙar. Da sunka haɗu, cikin abin da ya kawo mishi har da jita irin ta bahagwai.

Shekarun Sahel Sounds

Daga nan aiki ya kankama. A 2013 anka fitar da Afelan, wanda anka ɗauka a Cintabaradan. A 2014 Anar ya fito a faifan garmaho, shekara 6 bayan ɗaukarsa a Sakkwato.

A 2015 anka fitar da wani fim da sunka yi a Agadas, Mdou ne jarumin. Sunansa Akounak Tedalat Taha Tazoughai, ana lissafa shi a matsayin dogon fim na farko da anka yi da harshen Tamashek. An gina shi a kan wani tsohon fim na mawaƙin Amurka Prince, mai suna Purple Rain. Da yake Tamashek ba ta da kalma guda ta launin da ke cikin sunan wancan fim, sai sunka ce «ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki». Labarin saurayi ne mai babur da jita, mahaifinsa ba ya son kiɗa, abokan hamayya na jiran faɗuwarsa. Wanda ya san tasowar Mdou zai ga ba a yi nisa da gaskiya ba.

A 2017 ya fitar da Sousoume Tamachek, kundi mai sanyi wanda shi kaɗai ya kaɗa komai a ciki. A 2019 sai Ilana: The Creator, wanda anka ɗauka a birnin Detroit. Shi ne na farko da ya shiga situdiyo da cikakkiyar ƙungiya.

Abokan aikinsa

Su huɗu ne. Mdou ke jan waƙa da babbar jita. Ahmoudou Madassane ke riƙe jita ta biyu, mai tsare kiɗa. Shi ma ɗan ƙasar Abalak ne, kuma yana aiki da ƙungiyar matan nan ta Les Filles de Illighadad. Souleymane Ibrahim ke kan ganguna. Na huɗu Ba'amurke ne, Mikey Coltun, mai jitar bas mai kaurin murya, shi ne kuma ke haɗa musu sauti. Ya sha zuwa Nijar yana bin su wasannin biki, inda ake kafa lasifika a fili da injin wuta, ƙura na tashi, samari na rawa.

A 2020 sunka koma kamfanin Matador na birnin Niyok, wanda ya fitar da Afrique Victime ranar 21 ga Mayu 2021. Wanga kundi ne ya kai sunansa ko'ina. Sunan kundin da kansa ya faɗi saƙon: Afirka ce ake zalunta. Mdou ya sha faɗa a hirarrakinsa cewa tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ana haska wasu ƙasashe da shi, alhali ƙauyukanmu da yawa na kwana cikin duhu. A watan Afrilu 2024 sunka yi wasa a Coachella, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan kiɗa na Amurka.

«Jana'izar Adalci», 2024

Ba a fahimtar sabon kundin sai an san yayansa. Ranar 3 ga Mayu 2024 anka fitar da Funeral for Justice, wato «Jana'izar Adalci». Waƙa 9 ne a ciki, an ɗauke su cikin kwana 5 a wani gida da ke arewacin jihar Niyok. Kundi ne mai zafi: jitar lantarki na ƙara, ganguna na gudu kamar sukuwa.

Ga abin da wasu daga cikin waƙoƙin ke magana a kai:

- Funeral for Justice: kira ne ga shugabannin Afirka su dubi halin da talakawansu ke ciki.
- Imouhar: kira ga Abzinawa su riƙe harshensu kada ya ɓace a bakin ƴaƴansu.
- Sousoume Tamacheq: halin da Abzinawa ke ciki, ga su a rarrabe tsakanin ƙasashe.
- Oh France: abin da mulkin mallakar Faransa ya bari, da abin da ya biyo bayansa.
- Modern Slaves, wato bayin zamani: yadda duniya ke fifita ran wasu a kan na wasu.

Akwai kuma Takoba, kalmar da duk Bahaushe zai gane, don ita ce takobi a bakinmu, da Tchinta, yadda ake taƙaita sunan Cintabaradan, da Imajighen, sunan da Abzinawa ke kiran kansu.

Game da Oh France, mu mutanen Lugu ba sai an yi mana dogon bayani ba. A watan Afrilu 1899 ayarin sojan Voulet da Chanoine ya iso nan, Sarauniya Mangu da mutanenta sunka tare shi. Amma a lura da abu guda don kada a rikita tarihi: an gama ɗaukar wanga kundi kafin juyin mulkin 2023, kafin kuma sojojin Faransa su fice daga ƙasar a watan Disamba na wannan shekara. Ba bayan abin ya faru ya bi sahu ba.

Yadda anka haifi «Hawayen Zalunci»

Tun farko suna da niyyar sake ɗaukar waɗannan waƙoƙi da jitar katako, marar wuta.  Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji sunka karɓi mulki a Yamai, Mdou da abokansa na tsakiyar rangadi a Amurka. Anka rufe iyakoki da sararin sama. Ranar 30 ga wata ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya ta rufe iyakarta, ta yanke wutar da take ba mu.

Ba sai mun tuna muku waɗannan kwanaki ba. Mu da ke bakin iyaka mun ga yadda farashin kaya ya tashi, mun ga motoci jere ba shiga ba fita. Ku na waje kuma kun san zaman da kunka yi da waya a hannu, kuna jiran labarin gida, aika kuɗi ma ya zama aiki. To haka Mdou, Ahmoudou da Souleymane sunka samu kansu: wasa ya ƙare, hanyar gida a rufe, iyali na can. Masoyansu sunka yi karo-karo ta intanet don su samu abin zama.

Cikin wanga hali Mikey Coltun ya kama musu situdiyo a unguwar Brooklyn ta birnin Niyok, mai suna Bunker, tare da mai ɗaukar sauti Seth Manchester. Sunka zauna ɗaki guda, kusa da juna, sunka sake kaɗa waƙoƙin cikin kwana 2. Da hanya ta buɗe sunka komo gida, Ahmoudou ya zo da ƴar rakoda, ya tara Abzinawa sunka yi amshi, anka ɗora muryoyinsu a kan abin da anka ɗauka a Amurka. Don haka kundin rabinsa baƙunta ne, rabinsa gida.

Me ke cikinsa?

Waƙa 8 ne, duka daga «Jana'izar Adalci». Kalmomin ba su canza ba, kiɗan ne ya canza. An ajiye jitar lantarki, an ɗauki ta katako. An rage manyan ganguna, an koma ga kiɗan hannu. Murya ta fito fili, har wanda ke jin Tamashek zai iya bin kowace kalma. Imouhar, wadda a kundin farko take tashi kamar guguwa, a nan ta miƙe ta yi tsawo, tana tafiya a hankali kamar ayarin raƙuma.

In za mu kwatanta muku da abin da kunka sani, kundin 2024 kamar kiɗan dambe ne ko na kokowa a fili, jini na tafasa. Na 2025 kuwa kamar mai gurmi ne a zaure bayan isha'i, an kafa shayi, kowa ya yi shiru. A na farko fushi ake ji. A na biyu kewar gida ake ji, irin wadda duk ɗan ci-rani ya sani ko bai iya harshen ba. Mun lura dattawa da ba su jure ƙarar jitar lantarki sun fi karɓar wanga.

Me ake nufi da mawaƙi mai zaman kansa?

A al'adarmu makaɗi na da ubangida. Narambaɗa na da Sarkin Gobir na Isa, makaɗan fada kowa da sarkinsa, makaɗan noma da na dambe kowa da gwanayensa. Ubangida ke ba da doki, riga da hatsi, makaɗi kuma ya wasa shi. A zamanin yau ƴan siyasa da ƴan kasuwa sun karɓi wanga matsayi.

Mdou ba ya cikin wanga tsari. Shi ke tsara waƙarsa, shi ke sa mata kiɗa, shi ke rerawa, kuma ba da yabon wani mai mulki ko mai kuɗi ya yi suna ba. Kamfanonin da ya yi aiki da su, Sahel Sounds da Matador, ba su cikin manyan kamfanonin da sunka mamaye kasuwar waƙa ta duniya. Wanga ne ya ba shi bakin faɗin abin da ya ga dama, a kan shugabannin Afirka ko a kan Faransa.

Amma ƴancin na da tsada. Wanda ba shi da ubangida, guminsa ne abincinsa. Kuɗin da ake samu daga saurare ta intanet kaɗan ne ƙwarai in ba miliyoyin mutane sunka saurara ba. Abin da ke riƙe irin waɗannan mawaƙa shi ne wasa a gaban jama'a da sayar da faifai. Ke nan sai an yi wata da watanni ana yawo gari-gari, ana neman biza, ana biyan jirgi da masauki, an bar iyali. Ranar da hanya ta rufe kuma, kamar yadda ta faru a 2023, komai ya tsaya. Duk da haka an san shi da komowa gida yana wasan biki kamar da, kuma yana sa kuɗinsa wajen gina rijiyoyi a ƙauyukan da ke fama da ƙishirwa.

Abin da samarinmu masu waƙa za su ɗauka

Muna da yara a Arewa da ke haɗa waƙa a salula ko a ƙananan situdiyo na Dutsi, Yamai da Sakkwato, suna kawo mana mu sa. Ga abin da tarihin Mdou ke nuna musu, ba ƙari.

Na ɗaya, ku sa sunanku da lambarku a kan kowace waƙa, ku kuma ambaci sunan a cikinta. Yau WhatsApp da TikTok sun gaji Bluetooth, amma ciwon bai canza ba: waƙa na tafiya ta bar mai ita. Wanda ya nemi Mdou ya sha wuya kafin ya same shi, kuma ba kowane mai nema ke da wanga haƙuri ba.

Na biyu, akwai ofishin kare haƙƙin masu fasaha na ƙasa, BNDA, a Yamai. Rajistar waƙa a can ita ce shaidarka ranar da wani ya ɗauka ya ce tasa ce.

Na uku, kada a sa hannu a takardar da ba a karanta ba. In da Faransanci ko Ingilishi take, a nemi wanda aka yarda da shi ya fassara, a san shekara nawa ce, kashi nawa ne naka.

Na huɗu, Mdou bai bar harshensa ba don ya shiga duniya. Waɗanda ke cika wuraren wasansa a Amurka da Turai ba su jin Tamashek, amma suna zuwa. Malam Maman Barka, Allah ya jiƙansa, da gurmi da biram ya zagaya duniya. Sa'adu Bori na Maraɗi da kiɗan gida ya yi suna.

Maganar harshe

Waƙar Imouhar ta taɓo wani abu da ya shafe mu ta wata fuska. A ƙarshen watan Maris 2025 sabon kundin tsarin ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi sunka zama harsunan aiki. Mu Hausawa mun ji daɗi, ba laifi. Sai dai mu tuna muna da maƙwabta da ke tsoron kada nasu harshe ya narke, wani wuri cikin Faransanci, wani wuri cikin Larabci, wani wuri ma cikin Hausar tamu. Abzinawa na da rubutunsu na kansu, Tifinar, wanda ya daɗe ƙwarai, ga shi yara da yawa a birane ba su iya shi ba. Kukan da Mdou ke yi ke nan.

Ku ƴan uwa na waje kun fi kowa sanin wanga ciwo. Yaro an haife shi a Abijan ko Faransa, kaka ta kira daga Lugu, gaisuwa kawai yake iyawa, sai a miƙa wa uwa waya. In kun saurari Imouhar, ku sa sunan harshenku a wurin nasa.

Jerin manyan ayyukansa

- 2008: Anar, ɗaukar Sakkwato, ya fito a faifai a 2014
- 2013: Afelan
- 2015: fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai
- 2017: Sousoume Tamachek
- 2019: Ilana: The Creator
- 2021: Afrique Victime
- 2024: Funeral for Justice
- 2025: Tears of Injustice

Inda za a saurara

Masu intanet za su same shi a YouTube da sauran wuraren sauraren waƙa. A rubuta sunan kamar yadda munka rubuta shi a sama, Mdou Moctar. Ku na waje da ke da hali, sayen kundin ko zuwa wasansa in ya zo garinku shi ne ke kai kuɗi hannun mai aikin. Wanda bai taɓa jinsa ba, shawararmu ya fara da «Hawayen Zalunci», sannan ya koma Anar ya ji muryar Sakkwato, daga nan in kunnensa ya saba ya shiga masu zafin.

Mu kuma nan za mu ci gaba da sa waƙoƙin a shirin dare. Muna roƙon ƴan uwanmu Abzinawa da ke zaune cikinmu ko masu zuwa kasuwanninmu, wanda ya samu sarari ya biyo ta tashar ya fassara wa jama'a ma'anar waƙoƙin da bakinsa, don mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wanda kuma ke da wani mawaƙin ƙasarmu da yake so mu kawo tarihinsa, na da ko na yanzu, ya aiko da saƙo. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido matafiya gida lafiya.